Shin Ko Kun San? Abin da Iskar Teku Ke Kai wa Gonakin Banga

Daga Banga, a arewacin Zamfara, zuwa bakin teku mafi kusa akwai tazarar da ta haura kilomita 700. Ana iya haihuwar mutum a ƙasar Ƙaura Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, ya yi noma, ya aurar da 'ya'ya, ya tsufa, bai taɓa ganin ruwan da ya fi Gulbin Gagare faɗi ba. Duk da haka geron da ke rumbunsa, da farin da ya ba kakansa wuya, da ƙurar da ke busar masa da leɓe a hunturu, duk suna da hannun teku a ciki. Kuma ba karɓa kawai muke yi ba, muna aikawa. Ga bayanin a taƙaice.

Inda ruwan damina ke fitowa

Shin ko kun san cewa asalin ruwan da ke sauka a gonakin arewacin Zamfara tururin Tekun Atlantika ne? Rana tana dukan fuskar teku, ruwa ya tashi sama a matsayin tururi, gishiri ya tsaya a ƙasa. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, amma ko ɗigo bai bin tururin, shi ya sa ruwan sama ke shayuwa. Kusan kashi 86 cikin 100 na duk tururin da ke hawa sama a duniya daga tekuna yake tashi. Wani kaso na wanda ke iso mu yakan fara sauka a dazuzzukan kudu, ganyaye su sake fitar da shi, iska ta ƙaraso da shi arewa.

Ko kun san nauyin kayan da iskar ke ɗaukowa? Milimita 1 ta ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ce. Idan damina ta ba da milimita 800, kamar yadda takan yi a wannan yanki a shekara mai kyau, to kowace hekta ta sha lita miliyan 8, wato duro 40,000 mai cin lita 200. Ba tanka, ba kuɗin mai, ba shingen hanya.

Shin ko kun san cewa iskar da ke ɗauko wannan danshi daga can kudancin duniya take tasowa? A tsakiyar Atlantika ta Kudu, wajen tsibirin Sant Helena, akwai wurin da iska ke taruwa ta yi nauyi. A lokaci guda kuma Sahara tana ɗaukar zafi, iskarta ta yi sauƙi ta hau sama, ta bar gurbi. Ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, don haka iskar teku takan kwararo don cike gurbin. Daga kudu maso gabas take tasowa, amma da ta ƙetare layin Ikwaita sai juyawar duniya ta lanƙwasa ta zuwa dama, ta shigo Najeriya daga kudu maso yamma.

Ko kun san cewa akwai iyaka a sararin sama tsakanin busasshiyar iskar Sahara da ɗanyar iskar teku, kuma iyakar tana tafiya? A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku. Daga nan sai ta riƙa matsowa arewa, ta wuce kanmu a bazara, ta kai har tsakiyar hamada, bayan Agadas, a watan Agusta. Ruwa ba ya sauka a kan iyakar, sai ɗaruruwan kilomita a bayanta, inda danshin ya yi kauri. Wannan ne dalilin da ya sa makonni kafin ruwan shuka dare ke yin gumi, fatar jiki ta daina tsagewa, itatuwa su fara toho, shamuwa ta dawo sheƙarta, amma sama ta ƙi zubarwa. Manomin da ya yi binne a wannan lokaci ya ga alama ta gaskiya, sai dai iskar ba ta yi zurfin da za ta haifi hadari ba tukuna.

Shin ko kun san cewa sai teku ya yi sanyi damina ke zama sosai a arewa? A watan Afrilu ruwan Mashigin Gini yana kai wa digiri 28 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyas. Idan iskar kudu ta ƙarfafa a Mayu da Yuni, takan ture ruwan saman mai ɗumi gefe, na ƙasa mai sanyi ya taso, kamar yadda mai hura kunu ke kore na sama na ƙarƙashi ya bayyana. Zuwa Yuli da Agusta ruwan da ke kan Ikwaita ya sauka ƙasa da digiri 25. Bambancin sanyin teku da zafin hamada ya ƙaru, iska ta ƙara azama, sai babban layin ruwan sama ya yi tsalle daga gaɓa zuwa arewa, galibi a ƙarshen Yuni.

Ko kun san cewa saboda haka ne lokacin da marka ke hana mutanen Zurmi shanya a watan Agusta, mutanen Legas da Akara suke samun ɗan hutun ruwan sama? A daidai lokacin ne kuma masuntan Gana ke babban kamun ƙananan kifaye, domin ruwan sanyin da ya taso daga ƙasa yana zuwa da abincinsu.

Shin ko kun san cewa lissafin taurarin da malamai ke yi wa manoma a ƙasar Sakkwato da Zamfara shi ne wanda matuƙan jiragen Larabawa suka yi aiki da shi a Tekun Indiya? Masauki 28 ne, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai 14. Da su manomi ke ƙirga shigar damina da tsakiyarta, da su kuma shahararren matuƙi Ahmad bin Majid, wanda ya rubuta Kitabul Fawa'id wajen shekarar 1490, ya koyar da sanin hanya da lokacin juyawar iska.

Hadarin gabas da guguwar Amurka

Shin ko kun san dalilin da ya sa danshi ke zuwa daga kudu maso yamma amma hadari ke tasowa daga gabas? Iskar teku a ƙasa-ƙasa take, kaurinta bai cika wuce kilomita 1 zuwa 2 ba. A samanta, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma. Idan girgije ya yi tsawo ya shiga cikinta, sai ta ja shi yamma. Ta ƙasa ce ke ciyar da hadari, ta sama ce ke tuƙa shi.

Ko kun san cewa hadarin da ke karya itatuwa ya yaye kwanon rufi yakan zo ne a jere, layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tafiyar kusan kilomita 50 a awa? Sau da yawa a kan tuddai yake haɗuwa da yamma, irin su tsaunukan Jos, duwatsun Azbin da na Darfur, sannan ya kama hanya har cikin dare. Sanyayyar iskar da ke faɗowa daga cikinsa ita ke share ƙasa ta tayar da jar ƙura a gabansa. Mafi yawan ruwan da Sahel ke samu a shekara daga irin wannan jerin hadari yake zuwa, ba daga yayyafi ba.

Shin ko kun san cewa iskar gabas ɗin nan tana tafiya ne da lanƙwasa, kuma kowace lanƙwasa tana wucewa bayan kwana 3 zuwa 5? Shi ya sa a tsakiyar damina akan ga an yi ruwa, an ɗan ɗauke na kwanaki, an sake yi. Kimanin irin waɗannan lanƙwasa 60 ne ke ratsa Afirka ta Yamma kowace shekara su fita teku ta wajen Sanagal da Gini.

Ko kun san cewa wasunsu ne ke rikiɗa su zama mahaukaciyar guguwar da ake ji a labarai ta afka wa Amurka? Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na mafiya ƙarfin guguwar Atlantika daga nan suke samo asali. Guguwar Andrew ta bar gaɓar Afirka ranar 14 ga Agusta 1992 tana tarin hadari kawai, ranar 24 ga watan ta ragargaza kudancin Fulorida. Irma ta 2017 ma kusa da tsibiran Kef Bad ta haɗu, kafin ta daidaita tsibirin Barbuda. Lokacin wannan guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma ta fi tsanani a Agusta da Satumba, daidai lokacin da gero ke fitar da kai a wurinmu.

Shin ko kun san cewa guguwar ba ta haɗuwa sai ruwan teku ya kai ɗumin digiri 26 da rabi, har zuwa zurfin kimanin mita 50? Tururin da ke tashi daga ruwan ɗumi shi ne makamashinta. Da ta hau tudu ko ta shiga ruwan sanyi sai ƙarfinta ya fara karyewa. Ba a ba ta cikakken matsayi sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa, mataki na biyar kuwa, wanda shi ne ƙololuwa, daga kilomita 252 yake farawa. A tsakiyarta akwai fili mai faɗin kilomita 30 zuwa 60 inda iska ke kwantawa har a ga rana.

Ko kun san abin da ya tsare Legas da Fatakwal daga irinta, alhali tekunsu na da ɗumi? Kusancin Ikwaita. Guguwa tana buƙatar juyawar duniya ta murɗa ta, kuma wannan murɗawa ba ta da ƙarfi a kusa da layin. Ban da haka, iskar gabas tana kwashe tarin hadarin ta yi yamma da shi, nesa da mu. Gabashin Afirka bai sami wannan kariya ba: guguwar Idai ta faɗa wa birnin Beira na Mozambik a Maris 2019 ta kashe fiye da mutum 1,000 a ƙasashe uku, Freddy kuma ta yi kwana 36 a 2023, ta ratso Tekun Indiya tun daga kusa da Ostareliya, ta yi mummunar ɓarna a Malawi.

Shin ko kun san cewa ruwa ya fi iska kisa a irin wannan bala'i? Iskar tana tura teku ya hau kan gari. Haka ta faru a Nuwamba 1970 a yankin da yanzu ake kira Bangaladash, inda aƙalla mutum 300,000 suka rasu.

Ƙurar hunturu a kan teku

Shin ko kun san cewa yawancin hazon hunturu daga wani kwari yake tasowa a arewacin Cadi, mai suna Bodele? Ƙasan tsohon babban Tafkin Cadi ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce. Iskar arewa maso gabas tana matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi farar ƙasar wurin. Kusan kwana 100 a shekara ana irin wannan tashin ƙura, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu takan rufe samaniyar ƙasar Hausa.

Ko kun san cewa ƙurar ba ta tsayawa a kanmu? Binciken da hukumar NASA ta Amurka ta fitar a 2015 ya nuna cewa kimanin tan miliyan 182 na ƙurar Sahara ke fita Atlantika duk shekara, kuma kusan tan miliyan 28 na sauka a dajin Amazon na Kudancin Amurka, ɗauke da tan 22,000 na sinadarin fosfaras, ɗaya daga cikin ukun da ke cikin buhun takin NPK. Wadda ta faɗa teku kuma tana ciyar da ƙananan tsirran ruwa da sinadarin ƙarfe. Tun a Janairu 1832 masani Charles Darwin ya lura da wannan ƙura tana sauka a kan jirginsu kusa da Kef Bad.

Shin ko kun san cewa busasshiyar iskar Sahara mai ƙura tana shaƙe guguwa tun tana jaririya? Idan ta shimfiɗu a saman teku, takan rage hasken rana, ta busar da girgije. A Yuni 2020 wata gagarumar ƙura ta ƙetare teku cikin kusan mako guda, ta duhunta samaniyar tsibiran Karebiyan. A tsibirin Barbados, inda ake auna ƙurar tun 1965, an ga ta ninka kusan sau huɗu a farkon shekarun 1980, lokacin da fari ya tsananta a Sahel.

Ko kun san cewa iskar teku na da hannu wajen kwantar da sanƙarau? Cutar ta fi yaɗuwa a watannin bushewa da ƙura da zafi, lokacin da hanci da maƙogwaro ke tsattsagewa, kuma takan ja da baya idan danshi ya shigo. Annobar da ta fara a ƙaramar hukumar Zurmi a ƙarshen 2016, ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, ta kashe fiye da mutum 1,000, sai a Yuni 2017 aka sanar da ƙarshenta, bayan rigakafi da shigowar damina. Danshi ba magani ba ne, allurar rigakafi ce kariya.

Shin ko kun san cewa iskar arewa maso gabas ɗin nan ce ke cika teku da kifi a gaɓar Muritaniya da Maroko? Tana ture ruwan sama daga gaɓa, mai sanyi da abinci ya taso. Wani ɓangare na kifin ƙanƙara da na gwangwani da ake sayarwa a kasuwanninmu daga wannan ruwa ake kamo shi.

Fari da ambaliya

Shin ko kun san cewa manyan fare-faren 1973 da 1984 suna da tushe a teku? Daga shekarun 1950 masu yalwar ruwa zuwa shekarun 1980, ruwan saman Sahel ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Tafkin Cadi ya tsuke daga murabba'in kilomita 25,000 a 1963 zuwa ƙasa da 2,000. Da farko an ɗora laifin a kan mutanen yankin: a 1975 masani Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa yawan kiwo da ƙarewar ciyayi na iya korar ruwan sama. Amma a 1986 Chris Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa shekarun fari sun zo daidai da lokacin da tekunan kudancin duniya suka yi ɗumi fiye da na arewa. A 2003 Alessandra Giannini da abokanta suka ƙarfafa wannan da lissafin kwamfuta. Sare itace yana lalata ƙasa, babu musu, amma ba gatarin manomi ko sandar makiyayi ne suka riƙe ruwan waɗannan shekaru ba.

Ko kun san cewa layin ruwan sama yana karkata ne zuwa ɓangaren tekun da ya fi ɗumi? Idan Atlantika ta Arewa ta yi ɗumi, sai ya hauro mana. Idan Mashigin Gini ne ya ƙi yin sanyi, kamar a 1984, sai ruwa ya maƙale a gaɓa, arewa ta bushe. Masana da dama na ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen sanyaya Atlantika ta Arewa a wancan zamani. Fari dai ba baƙo ba ne, domin kakanni sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914.

Shin ko kun san cewa har Tekun Fasifik, da ke ɗaya gefen duniya, yana taɓa daminarmu? Duk bayan shekara 2 zuwa 7 iskar da ke kaɗawa a kansa takan yi rauni, ruwan ɗumi ya malalo gabas zuwa gaɓar Peru. Wannan shi ne El Nino. Ya faru da ƙarfi a 1972, 1982, 1997 da 2015. Sau da yawa yana rage ruwan Sahel, yana kuma rage guguwar Atlantika, ko da yake ba kowace shekara lissafin ke fita daidai ba.

Ko kun san cewa ruwa ya dawo tun daga shekarun 1990, amma da sabon hali? Wani bincike na 2017 ya gano cewa mafiya tsananin hadarin Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Duk ƙarin digiri 1 na zafi yana ba iska damar ɗaukar ƙarin danshi kashi 7 cikin 100, kuma tekuna ne suka shanye kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da duniya ta tara. A daminar 2024 an ga sakamakon a Gummi da Maraɗi, da kuma Maiduguri, inda madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba.

Shin ko kun san cewa ruwan yana komawa gida? Gulbin Gagare da ke wuce Ƙaura Namoda da Gulbin Bunsuru na ƙasar Zurmi suna zuba a Gulbin Rima, Rima ya ratsa madatsar Goronyo ya haɗu da Gulbin Sakkwato, su faɗa Kwara, Kwara ta kai shi Atlantika.

Waɗanda iska ta ɗauka

Shin ko kun san cewa kafin zuwan inji, iska ce ke shata hanyoyin teku? A arewacin Ikwaita tana kaɗawa daga arewa maso gabas kusan duk shekara, a kudu kuma daga kudu maso gabas. Ita ta tura jiragen Kolumbus daga tsibiran Kanari zuwa Karebiyan cikin kusan mako biyar a 1492. Inda iskokin biyu suka haɗu kuwa akwai wani yanki da iska ke mutuwa, jirgi ya yi kwanaki ko makonni a tsaye, ruwan sha ya ƙare.

Ko kun san cewa da wannan iska aka kwashi Hausawa bayi zuwa Barazil? Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun jefa mutane da yawa hannun fatake, aka kai su tashoshin Legas da Wida, aka tsallaka da su Bahiya. Hausawa ne suka jagoranci yunƙurin tawayen 1807 da boren 1809 da 1814 a can, kuma suna cikin Musulmin da suka yi babban bore a birnin Salbado cikin Ramadan, a Janairu 1835.

Shin ko kun san cewa Mansa Musa, a hanyarsa ta hajji a 1324, ya ba da labari a Alƙahira cewa sarkin Mali da ya gabace shi ya tura jirage 200 cikin Atlantika, guda ɗaya ya dawo da labarin wani ruwa mai ƙarfin ja a tsakiyar teku, sannan sarkin ya bi da jirage 2,000 bai dawo ba? Malamin tarihi al-Umari ne ya adana labarin. Jan ruwan da ke yin yamma yana nan har yau: a 2021 an tsinci kwalekwalen 'yan ci-rani daga Muritaniya a gaɓar Tobago, a 2024 an tsinci wani a arewacin Barazil, duk babu mai rai a ciki. Kanari suka nufa, iska da ruwa suka zarce da su.

Ko kun san cewa a Tekun Indiya iska tana juyawa sau biyu a shekara? Daga Nuwamba zuwa Maris tana kawo jirage daga Oman da Indiya zuwa Mombasa da Zanzibar, daga Afrilu zuwa Satumba ta mayar da su. Alhazan ƙasar Hausa da suka taka da ƙafa ta Cadi da Sudan su ma sai sun jira iska a Sawakin kafin ƙananan jirage su tsallaka da su Bahar Maliya zuwa Jidda.

Igiyar ruwa a gaɓarmu

Shin ko kun san cewa abu uku ke ƙayyade girman igiyar ruwa? Ƙarfin iska, tsawon lokacin da ta yi tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta bi. Igiyar kuma tana ci gaba da tafiya bayan iskar ta kwanta. Manyan raƙuman ruwan da ke dukan gaɓar Najeriya mai tsawon kilomita 853 galibi daga hadarin can ƙarshen kudancin Atlantika suke, dubban kilomita daga nan, kuma sun fi ƙarfi a watannin daminarmu.

Ko kun san cewa tashar da gyaɗar Ƙaura Namoda ta riƙa bi ta sha fama da wannan igiya? Layin dogo ya iso garin a 1929, ya riƙa kwasar gyaɗa da auduga zuwa Apapa. Kafin a gina dogayen katangun dutse a bakin mashigar Legas a farkon ƙarni na 20, manyan jirage a waje suke tsayawa saboda tudun yashi da haukan ruwa, ana kai musu kaya da ƙananan jirage. Katangun sun buɗe tashar, amma sun tare yashin da ruwa ke ja daga yamma zuwa gabas, sai teku ya riƙa cin gaɓar tsibirin Biktoriya shekara da shekaru, har aka gina wata ƙatuwar katanga don tsare unguwar.

Shin ko kun san cewa matuƙa suna da ma'aunin iska mai hawa 0 zuwa 12, wanda Francis Beaufort na rundunar ruwan Ingila ya tsara a 1805? Da ido ake karanta shi: a 0 ruwa ya kwanta lumui, a 6 manyan igiyoyi sun fara farin kumfa, a 12 ba a bambance sama da teku. A tudu ma yana aiki: idan manyan rassa na kaɗawa an kai 6, idan ƙananan rassa sun fara karyewa an kai 8. A nan ne iska ke wahalar da mai kayan kara.

Masu sa ido

Ko kun san cewa a 1974, jim kaɗan bayan babban farin 1973, ƙasashe kusan 70 suka haɗa jiragen ruwa kimanin 40 da jiragen sama fiye da 10 a Dakar don nazarin iskar Atlantika? A shekarar ce kuma aka kafa cibiyar nazarin yanayi ta AGRHYMET a Yamai. Tun 1997 Barazil da Faransa da Amurka ke kula da jerin na'urori masu iyo da aka ɗaure a tsakiyar tekun, suna aiko da zafin ruwa da gudun iska. Wasu kusan 4,000 kuma suna yawo a tekunan duniya, suna nutsewa mita 2,000 duk kwana 10. A sama, tauraron ɗan'adam na Meteosat yana tsaye kilomita 36,000 bisa Mashigin Gini yana ɗaukar hoton girgije dare da rana.

Shin ko kun san cewa da waɗannan alƙaluma hukumar NiMet ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara? Teku ba ya saurin canza zafinsa, don haka abin da aka auna a Janairu yana ba da haske kan Yuli. Hasashen yana faɗin lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa, da tsawon damina, da yiwuwar tsayawar ruwa bayan shuka, jiha-jiha har zuwa ƙananan hukumomi. Ba ya iya cewa gonar wane za ta samu ranar Talata, domin hadari na iya jiƙa Shinkafi ya tsallake Banga. Amfaninsa shi ne zaɓen iri: idan an ce damina gajera ce, a nemi gero da wake masu saurin nuna, idan an ce ruwa zai yi yawa, a gyara magudanai, a janye rumbu daga bakin gulbi. A tambayi malamin gona, a saurari rediyo tun kafin a buɗe buhun iri.